Motar Abu Layan Ba Ta Hawa Satha

A unguwar Ammariyya babu wanda bai san Othman ba, domin ko ba ka neme shi ba muryarsa za ta zo ta same ka har ɗaki. A Jidda aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa, kakansa ne ya taso daga ƙasar Hausa aikin hajji ya zauna. Othman ya yi aiki a tashar jiragen ruwa har ya yi ritaya, kuma in ka ji yana ba da labari sai ka ɗauka duk jirgin da ya taɓa shigowa Bahar Maliya shi ya nuna masa hanya. Abu Layan ake kiransa, da sunan 'yarsa tilo.

Da ya bar aiki ya rasa inda zai kai ƙarfinsa, sai ya tsinci wata tsohuwar mota 'yar Amurka a bayan wani sito a Madinar Masana'antu, doguwa kamar kwalekwale, kyanwoyi sun mai da ita gida. Ya saya ya kai gareji. Makanikai suka tashi inji, mai fenti ya fesa mata fari irin na madara, mai kujeru ya ɗinka mata jar fata. Wayoyin lantarki ne kaɗai Othman ya ce babu mai taɓawa sai shi, don a cewarsa ya taɓa gyara wutar jirgin ruwa sukutum da hannu ɗaya, yana shan shayi da ɗayan. Ya raɗa wa motar suna Sultana.

Yana da aboki, Majid, wanda suka taso lungu ɗaya kafin ya koma unguwar Safa. Tun suna yara ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Shi ma Majid yana da tsohuwar mota, baƙa wuluk, yana lallaɓa ta kamar jinjiri. Ga shi kuma ɗansa Bandar ne zai auri Layan, biki ya kusa. An daɗe ana ja-in-ja a kan motar da za ta ɗauki amarya, Othman ya ci gardamar don ya fi ƙarfin murya.

Sai aka sanar da baje kolin tsofaffin motoci a Ubhur, can arewacin gari a bakin teku. Cikin kyaututtukan har da kofi na motar da ta fi tsufa cikin waɗanda suka zo da ƙafafunsu.

Ran nan suna zaune a ƙofar shagon mai gasa burodin tamis, jama'a sun taru ana shan shayi, Majid ya ce, "Ni dai a kan satha zan kai tawa." Satha ita ce babbar motar nan mai shimfiɗaɗɗen baya da ake ɗora wata motar a kai.

Othman ya ajiye kofinsa a hankali. "Satha ta marasa lafiya ce, ya Majid. Motar da ba ta iya kai kanta wurin nuni ba mota ba ce, kujerar falo ce mai taya."

"Zafin garin nan ba wasa ba ne, Abu Layan. Motarka ta girme ka."

"Ni ma na girmi zafin. Sultana da ƙafarta za ta je, da ƙafarta za ta dawo, kofi yana kujerar baya. Idan aka ga motata a kan satha, halas, shi ke nan, na janye. A ɗauki amarya a wannan baƙar akwatin taka."

"Jama'a kun ji," in ji Majid.

Jama'a suka ce sun ji.

Da labari ya kai gida, matarsa Zakiya ta dube shi ta ce, "Abu Layan, yarinyar nan ta gama nuna wa ƙawayenta hoton farar mota. Ka taɓa tuƙa ta nesa da gareji?"

"Na tuƙo ta har ƙofar gidan nan."

"Makaniki na biye da kai a baya."

"Hanyarmu ce ta zo ɗaya."

Zakiya ta tashi ta shiga kicin. Ta haɗa masa zoɓo mai citta da sukari cike da babbar kula, don ya raba wa surukai a wurin nunin, ta kuma roƙi Abdulkahar ya raka shi. Abdulkahar ɗan ƙanin mahaifiyarta ne daga Kano, mai haɗa magunguna, ya zo aikin kwantiragi a wani asibiti. Mutum ne mai kunya da bai iya cewa a'a ba, abin da ya ja masa ke nan.

Ranar nuni Othman ya ƙi fita da sanyin safe, ya ce mota irin wannan sai rana ta take sosai fentinta ke magana. Ya fito cikin farar jallabiya da ta sha sitaci, da jan shimag, mayafin kai na mazan Larabawa, da baƙin tabarau. Unguwa ta fito kallo. Ya ɗaga musu hannu, ya shiga, ya murɗa makulli.

Sultana ta ce ƙyas, ta yi shiru.

"Tana gaisuwa ne," in ji Othman. Ya sake murɗawa. Ko ƙyas ɗin ma bai samu ba.

"Yaya Othman," in ji Abdulkahar a hankali, "jiya da yamma da kake nuna wa mutane fitilu da rediyo, ka kashe kuwa?"

"Kai magani ka karanta ko batir?"

Haka tsofaffin Ammariyya suka tattare jallabiyoyinsu suka kama turi, har da mai tamis da gari a hannunsa, ya bar wa Sultana shatin tafuka a baya. Othman na ciki yana ba da umarni. "Yalla, da ƙarfi. Ku ba ku karya ba ne?" Sai da suka kusa ƙarshen lungu motar ta yi tari, ta yi atishawa, ta watsa musu baƙin hayaƙi a fuska, ta tafi.

"Ka ji murya?" in ji Othman. "Motocin yanzu duk mata ne."

Sun fita babban titi lafiya. Matsalar farko a shataletale ta fito. Da safe Othman ya shafe kujerun da man goge fata har suna ɗaukar ido, kuma motar ta zamanin da ce, kujerar gaba doguwa ce guda ɗaya. Yana karya sitiyari Abdulkahar ya sulalo tun daga ƙofarsa ya zo ya zauna masa a cinya.

"Koma wurinka."

"Ba ni na zo ba, Yaya, kujera ce ta kawo ni."

Da suka miƙe, kujerar ta mai da shi.

Matsala ta biyu ta fi ta farko ƙara. Othman ya kunna sigina zai shiga dama, sai oda ta ɗauka, fam, fam, fam, daidai da ƙyaftawar fitila. Ya kashe ta yi shiru. Ya kunna ta hagu, ta ɗauka.

"Haka aka ƙera ta?" in ji Abdulkahar.

"Ni na ƙara mata. Don makafi."

"Makafi na tuƙi a Jidda?"

"Kai baƙo ne, ba ka san gari ba."

Mutanen Jidda kuwa da suka ga doguwar farar mota mai jajayen kujeru tana tafe tana oda a jere, sai suka ɗauka ɗaurin aure ne. Wani matashi ya biyo su yana tasa odar. Wani ya shigo bayansa ya kunna fitilu. Kafin su wuce gada biyu, jerin motoci ya taru a bayansu, ana leƙowa ta taga ana cewa mabruk. Wata tsohuwa a bayan tasi har da guɗa. Othman ya gyara zama yana ɗaga hannu hagu da dama.

"Ka gani? Gari ya san ni."

Ɗan sandan hanya ne ya kawo ƙarshen bikin. Ya tsayar da su a gefe, ya leƙo ta taga, ya dubi Othman, ya dubi Abdulkahar da burki ya sake kawo shi jikin direba, ya tambaya da Larabci, "Ina amaryar?"

Abdulkahar ya ja jiki ya koma ƙofarsa, ya fara laluben iƙamarsa, katin izinin zama, tun ba a tambaye shi ba. Othman ya shiga bayani, ya fara daga shekarar da aka ƙera motar, ya bi ta tashar jiragen ruwa, yana shirin shiga tarihin kakansa jami'in ya ɗaga hannu. Ya duba takardu ya ga sun cika, ya zagaya motar yana murmushi, ya ce, "Ya ammi, ka bar siginar nan. Ka riƙa nuni da hannu yadda aka yi a zamaninta."

Othman bai kashe inji ba duk tsawon tsayuwar, don ya san babu tsofaffin Ammariyya a kusa. Suka ci gaba, hannunsa a waje kamar mai tare tasi. A nunin farko da ya yi da ƙarfi, iska ta ɗauke shimag ɗinsa ta kai wa wata motar kifi da ke bayansu.

Rana ta take yadda ya so. Motar ba ta da na'urar sanyi, sitacin jallabiya ya fara narkewa. Othman ya hango wani maɓalli a ƙasan rediyo ya ce, "Ga fanka nan. Amurkawa ba su manta komai ba." Ya ja shi har ƙarshe, maɓallin ya fito a hannunsa. Iska ta taso daga ƙasa kamar an buɗe tanderun mai tamis. Ashe na'urar ɗumama mota ce, ta mutanen ƙasar ƙanƙara, kuma a duk wayoyin da Othman ya haɗa ita kaɗai ta yi aikin da aka yi ta dominsa.

"Yaya, ƙafata na dahuwa."

"Gumi lafiya ne. Kai ba ma'aikacin asibiti ba ne?"

Abdulkahar ya ɗaga ƙafafu ya ɗora a kujera, ya shanye ruwan gorar da ya zo da shi, ya shanye na Othman. Sun wuce unguwanni da dama a haka, sai allurar zafin inji ta kwanta a ja, tururi ya fara fitowa ta gefen bonet. Dole suka tsaya a bakin hanya, kuma wannan karon inji ya mutu da kansa.

Da ya ɗan huce, Othman ya buɗe lagireto da tsumma ya leƙa. Babu ko ɗigo.

"Kawo ruwa."

"Na shanye."

Othman ya dube shi, ya dubi kujerar baya inda kular Zakiya ke zaune.

"Yaya, a'a. Akwai sukari a ciki. Akwai citta."

"Zoɓo mene ne in ba ruwa mai ilimi ba? Yana sauke hawan jini, zai sauke zafin inji. A jirgin ruwa mun taɓa sa lemo."

Ya juye kular duka. Wasu leburori 'yan Bangladash da ke hutawa a inuwar gini suka taimaka da turi, Sultana ta tashi, ta kuma yi tafiya mai daɗi har Othman ya fara tsara jawabin karɓar kofi. Yana cikin gode wa kansa a sakin layi na biyu, wani abu ya fashe a gaba. Jan ruwa ya yi tsiri ta ramukan bonet, ya wanke gilashi, iska ta kwaso shi ta taga ta watsa wa direba daga gemu har gwiwa. Ƙamshin citta ya cika titi. Othman ya danna maɓallin goge gilashi, rediyo ta kama da ƙarfi. Da ƙyar ya lallaɓa ya tsaya a jikin katangar wani babban kanti.

Farar mota ta koma kamar ragon layya. Ƙudaje suka fara zuwa gaisuwa.

A daidai lokacin wata sabuwar satha mai sheƙi ta rage gudu, baƙar motar Majid na kanta a lulluɓe da mayafi. Majid na biye a jif ɗinsa. Ya sauke gilashi, sanyi ya fito ya daki fuskar Abdulkahar har ya lumshe ido.

"Salamat, Abu Layan. Wa ya yanka ta?"

"Ado ne. Ba ka san sabon yayi ba."

"Bari a sauke tawa, in turo maka sathar ta ɗauke ka. Ba wanda zai ji."

"Hutawa muke. Muna kallon teku."

Majid ya dubi katangar kantin, doguwa, babu ko taga. "Teku ya yi kyau yau," in ji shi. "Ɗan'uwa Abdulkahar, akwai wuri a nan."

Abdulkahar ya ɗaga ƙafa ɗaya. Othman ya yi gyaran murya. Abdulkahar ya mai da ƙafar.

Majid na ɓacewa Othman ya ce, "Nemo mana satha. Wadda ba ta san ni ba."

Duk lambar da Abdulkahar ya kira, an ce motocin suna Ubhur wurin nuni. Sai can wata ta ɓullo da kanta daga kwana, koriya, mai dogon hanci, tana tafe a hankali kamar raƙumi ya ƙoshi. Fentinta ya koɗe amma injinta na bugawa tsaf. Direban wani dattijo ne, Adamu, haifaffen Jidda shi ma, ya gaji motar daga mahaifinsa, kuma ƙarar injinta ta daɗe da cinye masa rabin ji.

Othman ya ja shi gefe ya shimfiɗa masa shiri. "Ka ji, Baba Adamu. Ba ƙofar gaba za ka bi ba. Ka zagaya bayan filin, akwai ɗan gangare. A can za ka sauke mu a ɓoye. Wannan yaron zai tura, ni in shiga a kan tayoyina. Ka gane? Baya. Ban da gaba."

"Gaba," in ji Adamu, ya gyaɗa kai. "Tayyib."

"Baya na ce."

"Na ji, Alhaji. Ba yau na fara ba."

Aka ja Sultana sama aka ɗaure. Abdulkahar ya shiga gaba kusa da Adamu. Othman ya ce shi ba za a gan shi a cikin satha ba ko a mafarki, ya hau ya shige motarsa ya kwanta a doguwar kujera, ya ja tabarmar ƙafa ya rufe fuska.

Tafiyar ba nisa. Abdulkahar, da iskar teku ta fara shigowa ta taga bayan wunin da ya yi a tanderu, barci ya ɗauke shi. Adamu ya iso filin ya ga babbar ƙofa da tutoci, ga samari masu rigunan aiki suna ta yi masa nuni da hannu ya shigo. Shi kuwa tunda yake ba a taɓa yi masa maraba irin wannan ba. Ya shiga. Lokacin kuwa ake zagayen motocin da suka zo da ƙafafunsu, suna wucewa ɗaya bayan ɗaya a gaban rumfar alƙalai, jama'a maƙil hagu da dama. Adamu ya bi layi.

A ƙofar akwai tudun rage gudu. Da satha ta hau shi, man kujera ya yi aikinsa, Othman ya sulale ya daki sandar sigina da gwiwa. Batirin da ya ƙi tayar da inji tun fitowarsu ya samu ƙarfin oda. Fam, fam, fam. Duk wanda ke filin ya juyo.

Othman ya ji motar ta tsaya, ya ɗauka an iso gangare. Ya ture tabarma ya ɗago kai ta taga yana cewa, "Yalla, sauke mu kafin wani ya..."

Wayoyi sun fi ɗari a sama, duk suna kallonsa. Kai babu shimag, gemu ja, jallabiya ja, ƙudaje na rakiya. A layin gaba ga Majid, ga Bandar angon gobe yana ƙoƙarin haɗiye dariya don girman suruki, abin ya ƙi haɗiyuwa.

Mai magana a lasifika, wani matashi Thamer, ya matso. Othman ya gyara murya, ya miƙo kai don a yi masa tambaya. Thamer ya wuce shi ya tafi wurin tagar Adamu. Alƙalan ma suka taso, suka kewaye koriyar satha, suna shafa ƙofa, suna leƙa inji, ɗaya har ya durƙusa yana duba ƙasa.

"Ya ammi, wace shekara ce wannan?"

"Na'am?"

"Shekararta."

Adamu ya faɗa. Filin ya ɗauki tafi. Ta girmi Sultana, ta girmi motar Majid, ta girmi duk abin da ya shigo layin.

"Kuma da ƙafarta ta zo?"

"Kullum da ƙafarta take zuwa," in ji Adamu. "Yau ma har da kaya."

Thamer ya maimaita a lasifika, har da kayan. Othman ya buɗe ƙofa zai sauko ya yi gyara, ya tuna a sama yake, ya tsaya da ƙafa ɗaya a iska har sai da Bandar ya zo ya sauko da shi kamar buhun shinkafa.

Majid ya matso yana goge ido. "Abu Layan, jama'ar Ammariyya ba sa nan, amma ga jama'ar Jidda. Amarya a baƙar akwati."

"Ba ɗauko ta aka yi ba," in ji Othman. "Rakiya ta yi. Kai ka san wahalar da na sha kafin in samo motar da za ta ci kofin nan? Tun daga nesa na gane ta. Tambayi Abdulkahar."

Abdulkahar, da tafi ya tashe shi, ya ce shi bai ga komai ba, barci yake.

Da aka kira Adamu karɓar kofi, Othman ya riga shi hawa dandamali. Ya kama kunnen kofin ɗaya, Adamu ya kama ɗaya, aka ɗauki hoto.

"Alhaji, sakar mini," in ji Adamu.

"Riƙe maka nake, yana da nauyi."

Kafin magariba suka iso Ammariyya, Sultana a sama, su uku a gaba. Unguwa ta sake fitowa, kowa waya na hannunsa yana kallon bidiyon Ubhur. Mai tamis ya koma shago aka ji dariyarsa daga ciki.

Zakiya ce ta buɗe ƙofa. A bayanta falo cike da mata masu shirin biki, Layan a tsakiyarsu ta rufe fuska da matashi, kafaɗunta na rawa. Zakiya ta dubi mijinta daga sama har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Abu Layan. Yaya hanya?"

"Alhamdu lillahi. Mun ciyo kofi."

"Masha Allah. Ina yake?"

Othman ya gyara wuyan jar jallabiyarsa, ya raɓa ta gefenta ya shige.

"Na bar wa Adamu ya ajiye," in ji shi. "Gidansa ya fi fili."